Depiten Tattasai

Yayana ya yi depite, wato ɗan majalisar ƙasa, sau uku, kuma sau ukun nan babu wanda ya kai ni yi masa faɗa. Ba ƴan adawa ba, ba ƴan rediyo ba, ni ɗin nan, autar gidanmu, da ya goya a bayansa ya kuma koya wa karatun boko a lakwal. Mutanen Diffa sun san shi da babbar riga da fara'a. Ni kuwa na san shi da taurin kai irin na jakin da ya ga gada. Shi ya sa in na tashi ba da labarinsa ba na farawa daga majalisa, sai daga wani gora da ke rataye a ɗakin Inna.

Mu mutanen bakin Komadugu ne, ƙauyenmu na gabas da Diffa kaɗan. A gida Barbarci muke yi, Hausa ta kasuwa ce da lakwal da gidan miji. Kowa a kwarin nan tattasai yake nomawa. Kogin yakan ƙafe da rani har yara su yi ƙwallo a cikinsa, sai damina ta kankama ruwa ya gangaro daga yamma, a ciro dashen da aka raina a bakin rijiya a kai gona. In sanyi ya shigo kuwa, duk inda ka duba ƙasa ta yi ja da shanya, mutum ya yi ta atishawa har ya gode Allah.

Amma tattasan gidanmu daban yake. Yana da nama, in ya bushe ba ya baƙi, kuma bakinsa yakan lanƙwashe kamar ƙugiya. Baba ya gaje shi wajen nasa uban. Ƴan saye daga Najeriya in suka zura hannu a buhu suka ji ƙugiyar nan ba sa dogon ciniki. Dokoki biyu ne a kansa, kuma ba a rubuce suke ba, a bakin Inna suke, wanda ya fi rubutu tsanani. Ta farko, babban ɗa ne kaɗai yake zaɓen iri. A tsinkar fari zai bi kunya-kunya ya ware waɗanda suka fi cika, a shanya su a inuwa, a fasa, a zuba ƙwayar a gora da ɗan toka a toshe. Ta biyu, irin ba ya barin gida sai tare da ɗiya ranar aurenta, kuma gidan da ya karɓe shi ya zama dangi har abada, in sun zo ba ruwa kawai ake ba su ba, tukunya ake ɗora musu.

Nawa rabon kuwa kada ma a tambaya. Badamagare na aura, mai kanti a kasuwar Diffa, mutumin kirki amma bai san bambancin dashe da ciyawa ba. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ta kwance ƙullin da na zo da shi ta ga jajayen tattasai masu kyau, ta ce kai, Barebari sun iya kayan miya, ta jefa a turmi. A miyar kuka muka cinye gadona, har da neman ƙari.

Da Baba ya rasu goran ya koma wuyan Yaya. Lokacin yana mushe, wato malamin makaranta, yana koyarwa a lakwal cikin gari, amma ko ana ha-maza-ha-mata sai ya hau kekensa ya zo tsinkar fari. Kuma shi ne manoma ke ɗauka in jandarma ko duwan, ƴan kwastan ke nan, sun riƙe musu buhuna a hanya, ya je ya yi ta faransanci har a sako. To da zamanin partukan siyasa ya zo, aka ce kowa ya tsayar da wanda yake so, dattawan kwarin ba su yi dogon tunani ba. Suka zo suka cika zauren gidanmu suka ce mushe za su tura majalisa a Yamai.

Wanda ke ɗaya ɓangaren wani alhaji ne, dangin maigidana ta wajen uwa. Allah Ya ba shi, shi ma kuma ba ya rowa. Duk ƙauyen da ya shiga sai an sauke atamfa da sukari da shayi, makaɗa na gaba motoci na baya. Partin Yaya kuwa tsohuwar mota ɗaya suka aro, wadda ta fi son a tura ta da a hau ta. Ina cikin tausayinsa, wata safiya na je ƙauye gaida Inna, sai na tarar da shi zaune a tsakar gida ya sauko da gora, ga tsummoki ya yayyaga ƙanana, yana zuba iri yana ƙullewa.

Na ce, "Yaya, lafiya? Aurar da wa za a yi?"

Ya ce, "Kampanyi za ni."

Wallahi sai da na dafa bango. Na ce, "Irin Baba za ka raba wa ƙattin duniya? Ka haukace ne, ko faransancin ne ya hau maka kai?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Auta, me nake da shi da zan ba su? Alli?"

Na ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Ya ce bana ya zaɓi iri da yawa, goran zai ragu amma ba zai ƙare ba. Na juya wajen Inna, wadda ke sheƙar gero a gefe kamar ba da ita ake ba. Ta aje faifai.

Ta ce, "Ubanku bai taɓa yin haka ba."

Ya ce, "Baba bai taɓa tsayawa zaɓe ba, Inna."

Ta ce, "Ka san duk gidan da ya karɓa ya zama dangi? Wace tukunya ce za ta ciyar da su?"

Ya ci gaba da ƙullinsa. Ita kuwa ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka ba, ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Daga ranar nan duk wanda ya zo wajen Yaya daga ƙauyukan da ya raba wa iri, Inna ba ta taɓa kiransa komai ba sai "baƙinka". Za ta leƙa ta ce, "Baƙinka sun zo," ta aika musu ruwa a ƙwarya. Abinci kuwa sai dai matar Yaya ta dafa, Inna ba ta taɓa sa baki a ɗora ba.

Duk da faɗan da na yi, na bi su kampanyi sau ɗaya, don naka sai naka. Har Baroua muka kai, can kusa da Bosso, inda iska kanta ƙanshin banda take yi. Mota ta kafe a rairayi ya fi a ƙirga, na tura har zanina ya yage, ina turawa ina zagin siyasa da wanda ya ƙirƙiro ta. A Baroua aka taru ƙarƙashin wata bishiya. Yaya ya yi magana a kan shingayen hanya da tsadar lisansin motopompu, wato man injin ban ruwa, da kuma madatsar ƙasa da za ta tare ambaliya, wadda ma'aikatan buro na gwamnati ke cewa digi. Sannan ya fara miƙa ƙulle-ƙullensa. Wasu suka karɓa suna duban bayan motar ko akwai sukari.

Akwai wani tsoho gajere, rabinsa manomi rabinsa masunci, hannunsa duk kanta. Shi bai sa nasa a aljihu ba. Ya kwance, ya sansana, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza.

Ya ce, "Mushe, wannan na gidanku ne, mai ƙugiya?"

Yaya ya ce shi ne.

"Na ƙuri'a ne?"

"A'a, Baba. Ko ba ka zaɓe ni ba ka shuka."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "To ka dai san abin da ka yi?"

Yaya ya ce, "Na sani."

Tsohon ya ƙulle abinsa ya cusa cikin hula ya tafi, ko na gode bai ce ba. Na bi shi da harara har ya sha kwana.

Ikon Allah, Yaya ya ci. Na yi guɗa har muryata ta dushe, a ƙofar kantin mijina kuwa na yi ta, don dangin alhaji su ji da kyau. Maigidana ya kawo mini ruwa ya ce in sha in ci gaba, tunda dai kantin ba na alhaji ba ne.

Yamai nisa gare ta, a wancan lokacin sai ka kwana a hanya, ka isa ƙafafu a kumbure. Mu dai a rediyo muke jin sa. In aka sa muhawarar majalisa sai maigidana ya ƙara murya ya kira ni, "Zo, zo, ga naku nan zai fara." Kuma ba ya ɓata lokaci. Ana maganar makarantu, Yaya zai ce ɗan manomin tattasai ba ya zuwa lakwal in an riƙe buhun ubansa a shinge. Ana maganar likita, zai ce matar manomin tattasai a amalanke take naƙuda. Rannan ana maganar jirgin sama ma sai da ya san yadda ya yi ya sauko da shi gonar tattasai. Ga Hausarsa ta Barebari, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, ƴan majalisa na dariya shi ko a jikinsa. Su suka sa masa suna depiten tattasai don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in an kira shi da sunansa na yanka sai ya yi kamar bai ji ba.

Ba zan ce bai yi komai ba. An rage shingaye na ɗan lokaci, ƙungiyoyin manoma sun sami motopompu, an gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye kusa da mu, ni ma can na kai ƙanwar mijina. Digi ce dai ta gagara. Kullum ana nazari, kullum ana jiran masu ba da tallafi, har muka haddace kalmomin.

Majalisar wancan zamanin kuwa halin koginmu gare ta, ta zo ta tafi. Ba a daɗe ba aka rushe ta, aka sake zaɓe, ya sake ci. Bai gama ɗumama kujerar ba sojoji suka karɓi mulki. Ina kanti sai ga shi ya sauko daga saman babbar motar kamiyo da akwati ɗaya da rediyo a hammata, ƙura har gira. Na fashe da kuka, shi kuwa tambayar farko da ya yi mini ita ce ko ruwa ya iso. Washegari yana gona, wando a naɗe. Shekarun nan Inna ta fi kowa walwala. Har cewa take Allah Ya yi wa sojan nan albarka da ya maido mata ɗanta, ina toshe mata baki ina cewa Inna ki rufa mana asiri, ɗanki fa ɗan dimokuraɗiyya ne. Ta ce ita ba ta san wannan matar ba.

A duk faɗi-tashin nan bai taɓa fashin tsinkar fari ba. Na sha tsayawa bakin gona ina kallonsa. Mutumin da ke katse ministoci a rediyo, ga shi a durƙushe yana juya tattasai ɗaya a hannu, ya duba gindi, ya shafa ƙugiya, ya saki ya wuce na gaba. Ba ya magana in yana yi. A nan kaɗai nake ganin Baba a fuskarsa, kuma a nan nake jin ina son sa har cikin raina, ko da kuwa da safe mun yi faɗa.

Zuwa na uku shi ne ya daɗe, shi ne kuma ya cinye mana shi. Aka ba shi shugabancin wata komisiyo, wato kwamitin majalisa, da mota da direba. Ya yi tumbi, Yayan da a da iska ke kaɗawa. Ba wai ya zama mugu ba ne, a'a, gidansa na Yamai kullum cike yake da ƴan kwarinmu masu jinya da ɗalibai. Sai dai zaman kasafin kuɗi yakan faɗo daidai tsinkar fari. Shekarun farko ya riƙa satar jiki ya zo. Daga baya wayar salula ta shigo gari, sai ta zama ita ke zuwa a madadinsa. Ya kira kanti ya ce, "Auta, ki ce wa Inna sati mai zuwa." Sati ya zo ya ce na gaba. Har aka gama tsinka aka ɗure a buhuna.

Na ce wa Inna ta bari in zaɓa, ai na san mai kyau, idona a kai na tashi. Ta ce ni matar wani gida ce. Na ce to ɗan kawu da ke kula da gonar. Ta ce shi babban ɗan wa? Na ce Inna iri fa ba ya jira. Ta ce goran bai ƙare ba, mai shi zai zo. Haka aka sayar da amfanin shekarar kaf ba a ware ko ɗaya ba, aka yi shuka ta gaba da tsohon iri. Shekara ta zagayo, aka maimaita. Na kira shi na wanke shi tas, har maigidana na cewa a hankali, depite ne fa. Na ce depite a Yamai, a nan ɗan Inna ne. Yaya ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya, Auta. Bana ko me za a yi ina nan."

Ya cika alkawari, ya zo, amma ruwa ya riga shi. A shekarar kogin ya cika ya tumbatsa, ya haye gonakin ɓangarenmu tun tattasai na kore. Na raka shi bakin gona, muka tsaya muna kallon ruwa shimfiɗe, kan kara ɗaya-ɗaya na leƙowa. Ga zaɓe ya matso. Duk ƙauyen da ya shiga kafin ya buɗe baki an tare shi da ina digi. Wasu suka ce ya yi ƙiba da kuɗinsu, wasu suka ce ya manta hanya. Ni da na fi kowa jin haushinsa ni ce na riƙa dambe da mata a bakin famfo saboda shi. Bai hana komai ba. Ya faɗi, faɗuwa kuwa ba ta kusa ba, har a Baroua.

Ya maida mota ya dawo ƙauye. Bai yi ƙorafi ba, ya je ya yi wa wanda ya ci barka, ya dawo ya rataye babbar riga. Da zafi ya yi zafi, lokacin rainon dashe, ya sauko da gora. Na ji ƙarar da ya yi da ya girgiza shi, ƴar kaɗan ce can ƙasa. Ya gyara fili bakin rijiya da hannunsa, ya yafa rabi, ya rufe da ciyawa, yana ban ruwa safe da yamma. Na maƙwabta suka fito kore shar. Namu ƙasa ce kawai. Ya yafa sauran. Ƴan tsirarai suka leƙo, sirara kamar zare, suka kwanta.

Lokacin idon Inna ya yi rauni, ba ta fita sai an riƙe ta. Kowace safiya in ya shigo gaishe ta za ta ce, "Ya fito?" Ya ce, "Tukuna, Inna." Ba ta ƙara komai. Da ma ta yi masa faɗa da ya fi sauƙi. Na ga Yaya ya faɗi zaɓe yana murmushi, amma wannan tukuna ɗin kullum sai ta rage masa tsawo. Ya rame, tumbin ya tafi, ya koma zama bakin rijiya yana duban ƙasar da babu komai a cikinta.

Maigidana, Allah Ya saka masa, ya sayo iri a kasuwa ya kai masa. Yaya ya yi godiya ya aje a gefe. Ni kuwa na ce, "Yaya, ba kai ka raba wa duniya ba? Tashi ka bi ƙauyukan nan, ko mutum ɗaya ai ba za a rasa mai shi ba."

Ya ce, "Da wane ido? Jiya na je neman ƙuri'a sun ce ba sa yi, yau in koma in ce ku maido kyautata? Kuma shekara nawa, Auta? Wa ya sani ko sun shuka ma."

Ga labari na zuwa cewa ruwa ya baro garuruwan yamma, ya kusa isowa. In ya iso ba ka da dashe, ka yi asarar shekara. Mu kuwa ba shekara za mu rasa ba.

Ranar Talata, kasuwar Diffa na ci, ina taya maigidana a kanti, sai ga matan Baroua masu kawo banda sun shigo sayen sabulu. Ɗaya daga cikinsu, mai bakin tsiya irin nawa, ta gane ni. Ta ce, "A'a, ƙanwar depite! Ina depiten tattasai, ko yana can yana gina digi?" Suka kwashe da dariya.

Kai, ban san sa'adda na tsallake tebur ba. Na ce yana gida, sai ku zuba ruwa a ƙasa ku sha. Na ce kun kayar da shi kun huta, to ga ƙarin daɗi, irin ubanmu ma ya mutu, ko ƙwaya ba ta fito ba. Na ce mutumin da ya zazzage gadon gidansu ya ƙulla muku a tsumma, alhali wasu sukari suka ba ku kuka shanye a shayi ɗaya, yau ga uwarsa makauniya tana tambayarsa kullum ko ya fito. Na faɗi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, da Hausa da Barbarci, har masu tattasai na layin gaba suka bar awo suka zo kallo. Maigidana ya jawo ni ciki yana ba mutane haƙuri, yana ce mini baki shi ke yanka wuya, yanzu na tona wa Yaya asiri a tsakiyar kasuwa. Na ce a yanka ɗin. Matan suka fita sum, ko sabulun ba su ɗauka ba.

Ban gaya wa Yaya ba. Ba tsoronsa nake ji ba, kawai dai ban ga amfanin faɗa ba.

Ƙarshen satin ruwa ya iso. Ina ƙauye ranar, yara na bin bakinsa da gudu suna ihu, kowa na ɗaukar dashe zuwa gona, gidanmu kaɗai ne shiru. Da hantsi sai muka ji wata tsohuwar mota ta tsaya ƙofar gida, irin masu ɗaukar banda, tun kafin a ga mutum ƙanshi ya yi sallama. Na leƙa. Wani tsoho ake saukowa da shi daga gaba, ya ƙara gajarta, ya ranƙwafa, amma hular na gane da kantar hannun. Wasu magidanta biyu na sauke jiƙaƙƙun buhuna daga baya, a hankali kamar masu ɗaukar ƙwai.

Yaya ya fito da sauri yana lale, lale, yana neman tabarma. Tsohon ya ƙi zama. Ya sa aka shigo da buhunan tsakar gida aka buɗe. Dashe ne, dami-dami, saiwa cikin laka, ganye a miƙe.

Ya ce, "Rabi nawa ne. Sauran a hanya aka riƙa tsayar da mu ana ƙarawa. Maganar ƙanwarka ta riga mu isa ko'ina."

Yaya ya juyo ya dube ni. Na dubi sama.

Tsohon ya cire hula ya ciro wani zare da aka shirya busasshen tattasai a jiki, ya miƙa masa. Ya ce, "Tun shekarar nan shi nake shukawa, a gona daban, ban bari ya gauraya ba. Babban ɗana ke zaɓa." Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Kada ka yi zaton wani abu, mushe. Ƙuri'a ban ba ka ba, kuma ko gobe aka sake ba zan ba ka ba, don digi ba ka yi ba. Wannan daban. Na tambaye ka ko ka san abin da ka yi, ka ce ka sani."

Yaya ya karɓi zaren. Ya durƙusa gaban buhun ya sa hannu cikin lakar. Ni kuwa tuni na jiƙa bakin gyale.

Sai muka ji Inna daga ƙofar ɗaki, ta lallabo da bango ita kaɗai. Ta ce, "Su wane ne?"

Na ce, "Baƙin Yaya ne, Inna, daga Baroua."

Ta miƙo hannu. Yaya ya tashi ya sa mata zaren a tafi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana isa ƙarshen kowanne tana tsayawa a kan ƙugiyar. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka, muna tsaye ba mai motsi, har tsohon ya fara juya hularsa.

Har yau in an tambaye ni ina nan kan bakana, raba irin nan ba daidai ba ne, kuma na gaya wa Yaya haka ko a bara da muka je tsinkar fari. Amma ranar ban sami zarafin faɗa ba. Inna ta rungume zaren a ƙirji, ta juyo wajen da take jin numfashina, ta ɗaga murya irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai.

Ta ce, "Auta, tsayuwar me kike yi? Ɗora tukunya, babbar. Ƴan'uwanku sun sha hanya."